Marwa ko Gaundare: ina mai goyo za ta nufa daga Garwa?

Ƙanwar maigidana ta haihu bara, kuma tun da yaron ya fara zama take bina da tambaya ɗaya. Mijinta zai samu hutun mako guda, yana so ya fita da su su sha iska, sai dai sun kasa tsayar da wuri: shi yana cewa Marwa, ita tana cewa Gaundare. "Yaya, ke da kika je duka biyun da goyo, ki raba mana gardama mana." Na ce mata wannan ba maganar tsaye a bakin ƙofa ba ce, bari in zauna in rubuta, wataƙila wata ma ta tsinci abin amfani.

Mu a Garwa muke, arewacin Kamaru, unguwar Hausare. Yarinyata 'yar fari ce, saboda haka kada a jira in ambaci sunanta. An haife ta a watan Yuli. Mun je Marwa a Disamba tana da wata biyar, muka je Gaundare a Afrilu tana da wata tara, duka a motar gida, maigida na tuƙi. Na san awon bai zama ɗaya ba, tunda ɗaya tafiyar hunturu ce, ɗayar kuma ta bazara. Amma wannan bambancin shi ne rabin amsar.

Bari in fara da hanya, don ita ce ke cin ran mai jariri tun kafin a ga komai.

Titi ɗaya ne, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, Garwa na tsakiyarta. Zuwa Marwa kimanin kilomita 210 ne, zuwa Gaundare kimanin 280. A takarda bambancin kaɗan ne. A cikin mota da jaririya yana iya zama kuka biyu da canjin famfas uku. Hanyar arewa shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara na kirki, kuma garuruwa ba sa yin nisa da juna: Fitowa, Figil mai kamfanin siminti, mararrabar Magada, Salak inda filin jirgin sama yake, sai Marwa. Duk inda yarinya ta ɓata rai akwai inuwa da mutane da mai shago a kusa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne ranar Lahadi, ranar kasuwar Fitowa. Mu mun faɗa mata ba da sani ba, muka yi ta jan ƙafa tsakanin babura da amalanke da awaki, yarinya ta farka daga barcin da na yi lissafin zai kai mu Figil.

Hanyar kudu wata aba ce daban. Ana haye gadar Binuwai, a wuce Ngong, a wuce Guna, daga nan sai daji ya buɗe baki. Gandun namun daji na Binuwai yana hannun hagu tsawon tafiya, kuma ba abin mamaki ba ne a ga gwaggon biri zaune a gefen kwalta yana kallon motoci kamar mai karɓar haraji. Wurin da kyau, amma ƙauyuka sun yi nisa da juna, kuma babban asibiti sai dai a koma Garwa ko a ƙarasa Gaundare. Lokacin da muka bi, akwai wuraren da ramuka suka ci kwalta har sai an sauka gefe, ga manyan motocin kaya da ke ɗauko lodi daga tashar jirgin ƙasa ta Gaundare suna yin arewa. Bayan Mbe kuma sai hawan dutsen nan da kowane direba ke ba da labarinsa. Garwa tana ƙasa-ƙasa, kimanin mita 200 sama da teku, Gaundare kuma ta haura mita 1,000, kuma babban rabon wannan hawan a wuri ɗaya ake yin sa, kwana bayan kwana. Muna tsakiyarsa, bayan wata tirela da ke tafiyar hawainiya, allurar zafin inji ta fara tashi, yarinya kuma ta fara wani irin kuka tana murza kunne. Babu wurin tsayawa. Sai da muka kai sama maigida ya samu fili ya faka, ya bar inji ya huce kafin ya taɓa murfin lagireto, ni kuma na ciro ta na ba ta nono. Tsotso biyu uku ta yi shiru. Kunnen ne ya toshe mata saboda hawan, haɗiya ce ta buɗe shi. Da na sani da na tsaya a Mbe na shayar da ita, na kuma riƙe wani abin tsotso a hannu.

Amma fa a wannan tsayuwar na sauke gilashi, iska mai sanyi ta doki fuskata a tsakiyar Afrilu. Wanda ya kwana a Garwa a wannan watan, yana juyi a tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ya zama tanda, shi zai gane abin da nake nufi.

Mun yi kusan awa huɗu zuwa Marwa, kusan bakwai zuwa Gaundare, har da tsaye-tsaye. Ka'idar da muka bi ita ce kada yarinya ta wuce awa biyu a kujerarta ba a ciro ta an miƙe mata jiki ba. Wannan kujerar ma sai da aka sha daga a kanta. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta leƙo mota ranar tafiyar farko ta ga an ɗaure jikarta tana fuskantar baya, ta riƙe baki. "Yanzu kishiyar tawa za ku ɗaure kamar buhun gyaɗa? Cinyar uwarta ta ƙone ne?" Maigida ya rusuna ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in aka taka birki da ƙarfi hannu ba ya riƙe yaro." Ba ta yarda ba, ta dai yi mana addu'a. A wajen Gamba, kan hanyar Gaundare, da wata saniya ta faɗo titi, na ga amfanin wannan taurin kan nasa.

In hanya kaɗai za a duba, Marwa ta ci. Sai dai ba a hanya za a kwana ba.

Marwa gari ne mai daɗin shiga. Bishiyoyin darbejiya sun yi wa tituna rumfa, mayo, wato kogi, ya ratsa gari, da rani yashi ne zalla yara na buga ƙwallo a ciki. Kusa da babbar kasuwa akwai wurin masu sana'ar hannu, inda dukawa ke baje takalma da jakunkuna da filon fata, ga masu saƙa da maƙera. Nan na fi jin daɗi da goyo, don akwai inuwa, ana zagawa a hankali, in yarinya ta nemi nono a samu benci. Ranar Litinin ce babbar ranar kasuwa, kuma shawarata mai jariri ta zaɓi wata ranar. Majema kuwa, inda ake jeme fatun, mun tsaya daga nesa, warin ya fi ƙarfin babba balle jinjira. Da yamma mun fita wajen Mindif, kimanin kilomita 25, muka ga dutsen nan da ya tsaya shi kaɗai kamar haƙori, gonakin masakwa kore shar a kewaye alhali ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan fitar ta yi daidai da mai goyo: a je, a gani, a dawo kafin magariba.

Matsalar ita ce abubuwan da suka sa Marwa ta yi suna ba a cikin Marwa suke ba. Duk wanda ya ce zai kai iyali can, a ransa Rumsiki yake gani, ƙauyen da ke cikin duwatsun Kapsiki, ko raƙuman dawa na gandun Waza. Rumsiki sai an bi ta Mokolo, kimanin kilomita 80 a kwalta, sannan a kama wata hanyar ta gargada mai duwatsu kusan kilomita 50. Duwatsun Kapsiki abin kallo ne na gaske, tsofaffin maƙogwaron dutse mai aman wuta ne da suka rage a tsaye bayan ƙasar da ke kewaye ta zaizaye, kuma kowa ya ji labarin bokan da ke duba da ƙaguwa. To amma wuyan jaririn wata biyar ba a yi shi don wannan jijjigar ba. Ga kuma maganar tsaro, tunda yankin yana manne da iyakar Najeriya. Waza ta fi haka: tun watan Fabrairun 2013, da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, a kusa da Dabanga, zuwa can ya daina zama abin da mutum zai tashi kawai ya yi. Mu ba mu je ko ɗaya ba. Maigida ya so Rumsiki, har ya fara tambayar hanya a masauki, na ce, "Malam, in ka matsu ka je kai kaɗai, ni da ita muna nan." Ya fasa.

A kan hanyar dawowa mun ratse Gidar don ganin kwazazzabon Kola, inda ruwan Mayo Luti ya sassaƙe baƙin dutse ya yi lunguna masu zurfi. Da rani ake shiga, in ruwa ya janye. Na sauka 'yan taku da goyo a baya, na ji santsin dutsen a tafin ƙafata, na dawo na zauna a sama na bar maigida ya shiga da yaran da ke nuna hanya. Hotunansa na gani.

Sai hazo. A Disamba zafi ba ya damun kowa a Marwa, dare ma har da bargo, amma iskar busasshiya ce mai ƙura. Kwana biyu leɓen yarinya ya tsage, hancinta ya toshe, ta kasa kama nono da kyau da dare. Man kaɗanya da ɗigon ruwan gishiri na hanci da na saya a kantin magani su suka cece mu. Wata dattijuwa a masaukin ta ce in ba ta ruwa ta sha, ai ƙishi ne. Na yi godiya ban ba ta ba. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, ƙara yawan shayarwa ake yi, uwa kuma ta sha ruwa sosai. Abin da na riƙa dubawa shi ne famfas: in yana jiƙewa kamar kullum, maɗigar kai ba ta faɗa ba, to lafiya. Kuma a tuna rani ne lokacin sanƙarau a wannan yankin namu, don haka zazzaɓi mai zafi ga jariri ba abin jira har a koma gida ba ne.

In kuwa hutun ya faɗo Maris ko Afrilu, ni dai ban ga dalilin zuwa Marwa da jariri ba. Zafin da ya haura digiri 40 a Garwa yana can yana jira, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Gaundare ba ta kai Marwa kayan kallo masu suna ba, wannan gaskiya ne. Abin da take da shi shi ne komai yana kusa, kuma iskar tana barin yaro ya yi barci. Yarinyata ta bar Garwa da ƙurajen zafi a wuya da gadon baya, a kwana na uku sun bushe. Daren farko ta yi barcin da rabonta da shi tun watan Fabrairu, har na riƙa tashi ina taɓa ta. Kuskurena shi ne kaya. Na haɗa jaka da tunanin Garwa, 'yan singileti da riguna marasa hannu, sai ga ruwan farkon damina ya sauka da yamma, gari ya ɗauki sanyi. Da safe sai da na shiga ƙaramar kasuwa na sayi rigunan sanyi biyu da hula a wajen 'yan gwanjo. Wanda zai je a Disamba ko Janairu ya ninka wannan shirin, don sanyin asubar can ba wasa ba ne, kuma wankan jariri da sassafe sai a ɗaga shi zuwa hantsi.

Sunan garin daga yaren Mbum ne, ma'anarsa dutsen cibiya, saboda dunƙulen dutsen da ke zaune a kan tsaunin da ke gefen gari. Ana hawa, amma mu daga ƙasa muka gaishe shi. Fadar Lamiɗo tana tsakiyar tsohon gari, da zaurukanta masu rufin ciyawa da ginshiƙai masu zane. Ranar Juma'a ce ranar zuwa, lokacin da Lamiɗo ke fitowa masallaci da dogarai da dawaki da masu algaita. Na tsaya can baya cikin mata, na ɗauka za ta tsorata. Da aka busa kakaki ta zabura ta ƙanƙame ni, sai kuma ta leƙo ta gefen kafaɗata tana neman inda ƙarar ta fito. Wata mata a gefena ta yi dariya ta ce da Fulatanci wannan 'yar sarauta ce.

Tafkin Tison yana bayan gari kaɗan, ramin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, bishiyoyi sun kewaye shi. Mun shimfiɗa tabarma daga sama, yarinya ta yi ta rarrafe tana cisgar ciyawa. Magangarar ruwan Vina tana kan hanyar Maiganga, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, ana ganinta ba tare da an sha wahalar sauka ba. Ta Tello ta fi kyau, ruwan na zubowa ta gaban wani kogo da ake shiga bayansa, amma tana da nisa, kusan kilomita 50 a hanyar ƙasa, ga gangara mai santsi. Wannan ita ce Rumsikin Gaundare, a bar ta sai yaro ya yi ƙafa. A bakin kowane ruwa mai gudu akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo, saboda haka a sa wa jariri riga mai dogon hannu da safa, kada kuma a daɗe. Da la'asar ɗaya mun je tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo daga Yawunde ya ƙare tun 1974, muka tsaya kallon masu shirin tafiyar dare da buhunansu. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne, amma ɗan Garwa bai saba ganin jirgin ƙasa ba, maigida ya fi yarinyar murna.

Wajen abinci ma Gaundare ta fi sauƙi ga yaron da ya fara ci. Piya tana da arha, a murƙushe da cokali an gama. Ga ayaba, ga dankali, ni kuma na tafi da garin kununa da fulas, ina damawa da ruwan gora da na tafasa. Abu biyu ne za a yi ta miƙo wa yaro da kyakkyawar niyya, kuma dole a iya cewa a'a cikin ladabi. Na farko zuma. Adamawa ƙasar zuma ce, ana sayar da ita a galan a bakin hanya, kuma mai sayarwa zai lakato a yatsa ya nufi bakin jariri. Ba a ba yaron da bai cika shekara ba zuma, ko ɗis, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙarta ba tukuna. Na biyu ɗanyen nonon shanu da ba a tafasa ba. Kindirmon can da kilishin can kuwa, uwa ta ci ta more, ai ta nan zai isa ga yaron.

Sauro bai san bambancin garuruwan nan ba. Damina ta fi tsawo a Gaundare, daga wajen Afrilu har Oktoba, ta Marwa kuwa wata uku zuwa huɗu ce. Ko ina za a je a tafi da gidan sauro na kai da igiya da ƙusa biyu. A masaukinmu na Marwa wanda muka tarar ya yage har hannu na shiga, ga wuta ta ɗauke tsakar dare. Mai tafiya da damina ta tuna da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, wata-wata, kada tafiya ta sa zagaye ya wuce yaro. Katin rigakafi kuma ya shiga jaka tare da takardun mota. Mu mun ɗaga tafiyar Gaundare da mako guda don a yi mata allurar wata tara, ta ƙyanda da shawara, muka bari kwana biyu suka wuce muka ga jikinta lafiya.

Wanda ba shi da mota, motocin ajans, wato na kamfanonin sufuri, suna bin hanyoyin biyu kullum. A nan ma lissafin ya karkata ga Marwa, don awa huɗu da yaro a cinya abu ne mai yiwuwa, shida ko bakwai kuwa sai mai haƙuri, tunda direba ba zai tsaya don ɗanki ya yi kashi ba. In dole ne, a biya kujera biyu, a ɗauki motar farko ta asuba. Mai motarsa kuma ya cika tanki a gidan mai kafin ya bar gari, kada ya dogara da zuwa-zuwa, wato man bumburutu na kwalba, a hawan Mbe, ya tanadi canjin sefa 500 na kuɗin hanya, ya duba birki saboda gangarowa ta fi hawa haɗari. Kada dare ya same ku a daji ta kowace fuska. Labarin zargina, wato 'yan fashi masu tare hanya, ya ragu a kan babbar hanya, amma rami da tirelar da ta lalace ba fitila suna nan.

Akwai kuma gwaji mai arha da na ba ƙanwar tawa shawara ta fara yi: Lagdo. Madatsar ruwan da 'yan Sin suka gina aka gama a 1982 tana kusa, a je da safe a ci kifi a dawo da la'asar. A nan za a gane ko yaro mai barci ne a mota ko mai kuka, kafin a ɗaura niyyar kilomita 280. Kada dai a tsoma shi a ruwan tafkin, ko ƙafa, saboda tsargiya.

Da ta zo jin hukunci, tambaya biyu na yi mata: watan yaron nawa, kuma yaushe ne hutun? Ta ce wata bakwai, hutun kuma ƙarshen Maris. Na ce Gaundare, ba ma sai an yi dogon zance ba. Da a ce Disamba ne, ko yaron bai wuce wata uku-huɗu ba, ko kwana biyu kacal gare su, ko kuma motar mijin irin wadda ke tari a hawa ce, da Marwa zan ce, su zauna cikin gari da Mindif su manta da Rumsiki. Mijin ya ɗan ɓata fuska, ya ce shi fa duwatsun Kapsiki yake son gani tun yana makaranta. Na ce duwatsun sun daɗe a tsaye, za su jira yaron ya iya tafiya.

Sun tsayar da ranar Laraba, su fita bayan sallar asuba, don su huta Alhamis Juma'a ta same su a ƙofar fada. Na ba ta aron kujerar motar da rigunan sanyin nan biyu, na kuma yi mata saƙon zuma galan ɗaya ta Hajiya, da piya waɗanda ba su nuna ba, don nunannu ba sa kaiwa Ngong da mutuncinsu.